Buga tsohon gem a taga marar firam: tambayoyi da amsoshi

Yawancin laftof ɗin da ke hannun matasa a Birnin Kebbi na hannu ne: HP EliteBook, Dell Latitude, ThinkPad, masu Windows 10 da ɗan ƙaramin katin hoto na Intel. Sabbin wasanni sun fi ƙarfinsu, shi ya sa har gobe PES 2013, GTA San Andreas, Need for Speed Most Wanted da IGI ke cin kasuwarsu a ɗakunan ɗaliban Poli da gidajen gem na Badariya da Gesse. Sai dai mafi yawan waɗannan wasannin an yi su ne tun zamanin Windows 98 da XP, lokacin sikirin mai ƙusumbi. Tambayoyin da ke ƙasa su ne ake kawo mini shago a kai a kai. Sunayen maɓallai da na menu na rubuta su yadda za ka gan su a kwamfutarka.

Mece ce taga marar firam, kuma me ya raba ta da cika sikirin na asali?

Hanya uku gem ke bi ya nuna hotonsa. A ta farko, yakan karɓe sikirin gaba ɗaya daga hannun Windows, ya sauya girman hoto da yawan launi yadda ya ga dama. A ta biyu, yakan zauna cikin taga mai firam, da layin sama mai ɗauke da sunansa da maɓallin rufewa. Ta uku ita ce wannan tagar dai, amma an cire mata firam da layin sama, an faɗaɗa ta har ta rufe sikirin daga kusurwa zuwa kusurwa.

A ido ba za ka bambance ta uku da ta farko ba. A wurin Windows kuwa bambancin babba ne. Ta farko kamar mai shago ne ya miƙa maka makulli ya tafi gida; ta uku kuwa ka baza kayanka sun cika shagon, amma mai shi yana zaune a bakin ƙofa da makullinsa a aljihu.

To me zan amfana da shi? Ai gem ɗin yana buɗewa.

Idan yana buɗewa lafiya, kuma ba ka fita daga cikinsa sai ka gama, bar shi yadda yake. Mai buƙatar wannan gyaran shi ne wanda ke son ya leƙa WhatsApp ko ya canza waƙa ya dawo ba tare da gem ya mutu ba, da mai ɗaukar bidiyon wasansa da manhajar OBS ko da maɓallan Win+Alt+R, da wanda Print Screen ke ba shi baƙin hoto, da kuma mai haɗa laftof da talabijin.

Me ya sa sikirin ke yin baƙi, ko gem ya rufe kansa, idan na danna Alt+Tab?

Saboda yadda DirectX 8 da 9 da waɗanda suka gabace su ke aiki; DirectX shi ne hanyar da gem ke bi ya yi magana da katin hoto a Windows. Idan gem ya karɓe sikirin sannan ka fita daga cikinsa, Windows takan ƙwace katin hoton, abin da gem ɗin ya ajiye a ƙwaƙwalwar katin kuma ya salwanta. Da ka dawo, dole gem ya gane an yi masa wannan ɓarnar, ya sake loda komai. Wanda aka rubuta shi da kyau zai yi baƙi na ’yan daƙiƙu ya dawo. Wanda aka yi wa aikin gaggawa zai dawo da bango marar launi, ko rubutu ya ɓace, ko ya mutu ɗungurungum.

Ga kuma sauyin girman hoto. Gem yana kan 800x600, Windows tana kan 1366x768, duk fita da shiga sai sikirin ya sauya sheƙa. Shi ya sa wani lokacin kake tarar da gumakan destof sun cure a gefe guda, tagogin da ka bari a buɗe sun ƙanƙance. A taga marar firam ba a ƙwace komai, ba a sauya komai, don haka fita da dawowa kamar ƙiftawar ido ne.

Ta ina zan fara?

Aikin kashi biyu ne, kuma rashin gane haka ne ke ɓata wa mutane lokaci. Kashi na farko, ka sa gem ya yarda ya zauna a taga. Kashi na biyu, ka cire wa tagar firam. Na biyun mai sauƙi ne. Duk wahalar tana na farkon.

Kafin ka kashe data wajen sauke wani abu, duba abin da gem ɗin ya zo da shi. Shiga menu ɗinsa na hoto ka nemi Windowed ko Borderless. In babu, danna Alt+Enter yana cikin gudana; wasanni da yawa suna amsa wannan, haka DOSBox, manhajar buga wasannin zamanin DOS. In bai amsa ba, buɗe foldar da aka girka shi ka nemi ƙaramar manhajar saiti. PES ta PC, daga PES 6 na 2006 har su PES 2013 da PES 2017, tana zuwa da settings.exe, kuma a nan ne zaɓin Window yake, ba a cikin gem ɗin ba. Mutane da yawa sun shekara suna buga PES ba su taɓa buɗe wannan fayil ɗin ba.

Babu zaɓin taga a ko’ina. Akwai wata dabara kafin manhajar waje?

Akwai. Danna dama a kan shotkot ɗin gem, ka zaɓi Properties, ka je akwatin Target. A can ƙarshe, bayan alamar zance ta rufewa, ka bar gurbi ɗaya ka ƙara umarni. Kowane gem da nasa: Diablo II na 2000 yana jin -w, Warcraft III na 2002 yana jin -window, Command & Conquer Generals na 2003 yana jin -win. Wasannin da aka gina a kan injin Source, kamar Half-Life 2 da Counter-Strike: Source na 2004, suna karɓar -windowed -noborder, wanda ke gama aikin duka biyu a lokaci guda. Na injin Unity kuma suna karɓar -popupwindow. In ta Steam, kasuwar gem ta intanet, kake buɗe gem ɗin, wurin rubuta umarnin shi ne Launch Options.

Kuskuren da aka fi yi shi ne cusa umarnin cikin alamar zancen, ko manta gurbin. Sai Windows ta ce ba ta ga fayil ɗin ba.

Ya zauna a taga. Yaya zan cire firam ɗin?

Da farko ka daidaita girman hoton gem da na sikirinka. In laftof ɗinka 1366x768 ne, gem ma ya zama 1366x768. Za ka ga tagar ta zarce ƙasa, saboda layin sama ya cinye wani wuri; kar ka damu. Sannan ka buɗe Borderless Gaming, ƙaramar manhaja ce da ake sayarwa a Steam, asalin rubutunta kuma yana GitHub. A hagu za ta jero abubuwan da ke buɗe. Zaɓi gem ɗinka ka tura shi dama, cikin Favorites. Daga nan duk lokacin da ya buɗe, muddin manhajar tana gudana, za ta cire masa firam ta zaunar da shi daidai.

In ka buɗe gem ɗin da ikon administireta, ita ma sai ka buɗe ta da wannan ikon, in ba haka ba Windows ba za ta bari ta taɓa tagarsa ba.

Na sa Borderless Gaming amma ba ta yi komai ba.

Gem ɗinka bai shiga taga ba tukuna. Ita firam kawai take cirewa, ba ta iya ƙwato sikirin daga hannun gem ɗin da ya riƙe shi. Koma kashi na farko.

GTA San Andreas, Vice City da Most Wanted fa? Ba menu, ba umarni.

Waɗannan ukun su ne suka fi zuwa shago. Vice City ya fito a PC a 2003, San Andreas da Most Wanted a 2005, kuma babu wanda ya zo da zaɓin taga. Maganinsu yana hannun masu sha’awar wasannin da suka rubuta musu faci. Wanda aka fi sani shi ne mai laƙabin ThirteenAG, da tarin gyare-gyarensa mai suna Widescreen Fixes Pack. Facin Most Wanted yana zuwa da fayil ɗin saiti mai ƙarewa da .ini a cikin foldar scripts. Buɗe shi da Notepad, ka nemo layin WindowedMode; a gefensa an rubuta ma’anar kowace lamba, ka zaɓi ta taga marar firam mai cika sikirin. Wannan facin kuma shi ke ba gem ɗin damar fitar da hoto daidai da faffaɗan sikirin, abin da menu ɗinsa na asali ba ya bayarwa.

Ga GTA, mutumin nan dai yana da ƙaramin faci mai suna III.VC.SA.WindowedMode, wanda ke aiki a GTA III da Vice City da San Andreas. Yana buƙatar abin loda faci da ake kira ASI Loader a cikin foldar gem. Ina ba da shawarar ka haɗa da SilentPatch, wanda ke gyara matsalar nan ta mawus da ke daina aiki a San Andreas da wasu tsofaffin kurakurai. Abin lura: yawancin facin San Andreas an yi su ne don bugu na farko, wato 1.0. In naka wani bugun ne, faci na iya yin shiru kamar ba ka sa shi ba.

IGI da Red Alert 2 da sa’o’insu kuma? Su launinsu ma yakan rikice.

Nan aikin ya fi zurfi, domin waɗannan sun girmi DirectX 9. Project IGI da Red Alert 2 duk na 2000 ne, Age of Empires II na 1999, StarCraft na 1998. Suna magana da katin hoto ta wata tsohuwar hanya mai suna DirectDraw, kuma suna neman launi mai bit 8 ko 16. Tun daga Windows 8 a 2012, Windows ba ta komawa waɗannan launukan da gaske, kwaikwayonsu kawai take yi. Sakamakon shi ne gem ya riƙa jan ƙafa a kwamfutar da ta ninka wadda aka yi shi dominta ƙarfi sau ɗari, ko menu ya ƙi fitowa.

Abin da ake yi shi ne a sa masa tafinta: fayil mai suna iri ɗaya da na DirectX na asali, a ajiye shi kusa da fayil ɗin da ke buɗe gem. Gem zai ɗauka DirectX ne, shi kuma tafintan ya juya saƙon zuwa hanyar da sabon kati ke ganewa, ya kuma nuna shi a irin tagar da ka zaɓa.

Ga wasannin da hotonsu shimfiɗaɗɗe ne, irin Red Alert 2 da StarCraft, cnc-ddraw ya fi sauƙi. Ka zuba ddraw.dll da ddraw.ini cikin foldar gem, ka buɗe manhajar saitinsa ka zaɓi Borderless. In da hannu kake son yi, a cikin ddraw.ini ka mai da windowed=true da fullscreen=true; haɗuwar biyun ce ke ba da taga marar firam. Ka ƙara maintas=true don kada hoton ya miƙe.

Ga masu hoto mai zurfi irin IGI, dgVoodoo2 ake amfani da shi. Yana juya Glide ta tsofaffin katunan 3dfx da DirectX har zuwa na 9 zuwa Direct3D 11 ko 12. Cikin foldarsa ka shiga MS, sannan x86, ka kwafi DDraw.dll da D3DImm.dll zuwa foldar IGI. Gem mai DirectX 8 kuma D3D8.dll zai buƙata, mai 9 D3D9.dll. Ka lura da kyau: x86 za ka ɗauka ko da Windows ɗinka mai bit 64 ce, domin gem ɗin ne ke da bit 32, kuma shi ake yi wa hidima. Ka kwafi dgVoodooCpl.exe da dgVoodoo.conf su ma. A cikin dgVoodoo.conf akwai layin FullscreenAttributes. Rubuta fake a gabansa, sai gem ya zaci ya karɓe sikirin alhali taga marar firam aka ba shi. Tambarin dgVoodoo da ke fitowa a kusurwar ƙasa shaida ce cewa ya kama aiki. Bayan ka gani ka cire shi a shafin DirectX na manhajar saitin. dgVoodoo2 yana buƙatar katin da ke iya DirectX 10 zuwa sama, wanda Intel HD 4000 da ƙannensa duk suna iyawa.

Akwai kuma DxWnd, wanda ke tilasta wa gem zama a taga ba tare da an zuba komai a foldarsa ba. Yana da zaɓuɓɓuka har sun yi yawa, ni sai sauran sun gaza nake waiwayarsa.

Kada ka haɗa tafinta biyu a folda ɗaya. Dukansu sunan ddraw.dll suke amfani da shi, na biyu zai danne na farko.

Ya cika sikirin, amma ’yan wasa sun yi gajeru sun yi ƙiba.

Tsohon gem an yi shi ne don sikirin mai awon 4:3, wato 640x480, 800x600 ko 1024x768. Laftof ɗinka 16:9 ne. In aka ja hoton 4:3 ya cika 1366x768, faɗinsa ya ƙaru da kashi ɗaya cikin uku, tsawonsa bai ƙaru daidai da haka ba. Ƙwallo ta koma ƙwai, taswirar GTA da ke kusurwa ta daina zama da’ira.

Hanya biyu ce ta gaskiya. Ko dai ka samo facin da ke sa gem ya fitar da faffaɗan hoto da kansa, kamar waɗanda na ambata a sama, ko ka bar hoton a awonsa ka haƙura da baƙin gefe. A sikirin 1366x768, hoton 4:3 zai tsaya a 1024x768, ɗigo 171 baƙi a hagu, 171 a dama. A 1920x1080 zai tsaya a 1440x1080, ɗigo 240 kowane gefe. A dgVoodoo2 zaɓin shi ne Stretched, keep Aspect Ratio. PES 2013 kuwa ba ta da wannan matsalar in ka zaɓi 16:9 a settings.exe.

Na san masu gidan gem ba sa son baƙin gefe. Wani ya taɓa ce mini, “Malam, yaran ga in sun ga baƙi cewa suke talabijin ta lalace.” Gaskiyarsa ta fuskar kasuwa. Amma a gem ɗin harbi miƙaƙƙen hoto yana sa motsin hagu da dama ya yi kamar ya fi na sama da ƙasa sauri, kuma ido yana gajiya. Ni dai baƙin gefe ya fi mini.

Tagar ta fi sikirin girma, ko hoton ya yi dishi-dishi.

Wannan aikin faɗaɗa rubutu ne na Windows. A laftof mai 1920x1080 da ƙaramin sikirin, Windows takan saita Scale a 125% ko 150% don rubutu ya karantu. Tsohon gem bai san da wannan ba, sai Windows ta kumbura tagarsa da wannan adadin: rabin hoton ya fita waje, mawus ya riƙa danna wurin da ba nan kibiya take ba. Danna dama a kan fayil ɗin gem, Properties, Compatibility, Change high DPI settings, ka sa alama a Override high DPI scaling behavior, ka zaɓi Application.

Mawus yana tserewa daga cikin gem, in na danna sai na tsinci kaina a destof.

Wannan yakan faru ne in akwai sikirin na biyu, ko in akwai baƙin gefe. Gem ɗin da ya saba mallakar sikirin bai taɓa tunanin killace kibiya ba. Ya fi ciwo a wasannin yaƙi irin Generals, inda sai ka kai kibiya bakin sikirin taswira ke motsawa. dgVoodoo2 yana da Capture mouse. cnc-ddraw yana killace ta da kansa, Ctrl+Tab ke sakinta. In ba ka amfani da ko ɗaya, danna Win+P ka bar sikirin ɗaya kawai yana aiki. Mai buga PES da hannun gem wannan bai shafe shi ba.

Gaskiya ne yana rage gudun gem?

Akwai gaskiya a ciki, amma ba daga inda ake zato ba. Tun Windows Vista akwai wani sashe mai suna DWM da ke haɗa hotunan duk tagogi kafin a nuna su. A Windows 7 ana iya kashe shi, daga Windows 8 ba a iyawa. Gem ɗin da ke taga sai ya bi ta hannunsa, abin da kan ƙara jinkirin kusan hoto ɗaya, wato kashi ɗaya cikin 60 na daƙiƙa a sikirin mai 60Hz. Gwanin Counter-Strike zai iya jin haka a hannunsa. Mai yawo da mota a San Andreas ba zai ji ba. A madadin haka, tsagewar hoto da ake gani in kyamara ta juya da sauri takan ɓace.

Babban abin da ke rage gudu shi ne girman hoto. Da kana buga gem a 800x600, ɗigo 480,000 katin ke zanawa. Da ka mai da shi 1366x768 sun haura miliyan ɗaya, a 1920x1080 kuwa sun haura miliyan biyu, fiye da ninki huɗu. Gem ɗin 2000 ba zai girgiza ba. PES 2017 a kan Intel HD 4400 kuwa za ta nuna maka. Mafita ita ce ka rage girman hoton Windows ɗin kanta zuwa 1280x720 kafin ka buɗe gem, ka saita gem ɗin ma a haka. Akwai manhajoji irin Magpie da Lossless Scaling da ke ɗaukar ƙaramar taga su faɗaɗa ta ta cika sikirin, amma su ma katin hoto suke ci, a raunanan laftof riba ba ta da yawa.

Ni nawa sauri ya ƙara, kuma laftof ya yi zafi, fanka na ta ihu.

Wasu tsofaffin wasanni sun ɗaure lissafin motsinsu da yawan hotunan da suke fitarwa a daƙiƙa. GTA na wancan zamanin an tsara su ne a kan kusan 30. In ka kashe Frame Limiter a menu, a San Andreas CJ, jarumin wasan, zai riƙa iyo da ƙyar, a Vice City mota ta riƙa ja da baya da ƙyar. Bar shi a kunne. Gem ɗin da ba shi da irin wannan birkin, ka ɗaure shi da RivaTuner Statistics Server a 30 ko 60.

Wannan birkin ya fi muhimmanci a wurinmu fiye da wurin waɗanda suka rubuta waɗannan manhajojin. A watan Afrilu da Mayu zafin Birnin Kebbi yana haura digiri 40. Gem ɗin da aka saki ba linzami zai riƙa zana ɗaruruwan hotuna a daƙiƙa, sikirin kuma 60 kawai yake nunawa, sauran duk zafi ne da cin batir. Ga ƙurar hunturu da ta riga ta toshe hanyar iska. Laftof in ya yi zafi da kansa yake rage ƙarfi, sai gem ya fara sarƙewa bayan ɗan lokaci, mai shi ya ɗora laifin a kan taga. Ɗaga shi daga kan katifa tukuna.

Ka kuma sani cewa wasu wasannin ba sa tsayawa in ka fita zuwa wata taga. Danna Esc kafin Alt+Tab, in ba haka ba ka dawo ka tarar an zura maka biyu.

Na ja maɓallin haske a menu amma ba abin da ya sauya.

Tsofaffin wasanni hasken sikirin gaba ɗaya suke sauyawa, wannan ikon kuma sai wanda ya riƙe sikirin ake ba shi. A taga yawanci ba ya aiki. Ƙara hasken daga manhajar katin hotonka, ko daga dgVoodoo2 in shi kake amfani da shi.

Ina haɗa laftof da talabijin ta HDMI a gidan gem. Me zan kula da shi?

Win+P ka zaɓi Second screen only, shi ya fi kwanciyar hankali. In Extend kake so don ka riƙa lissafin kuɗi a laftof yara na buga gem a talabijin, sai ka mai da talabijin ɗin babban sikirin ta Make this my main display, domin tsohon gem babban sikirin kawai ya sani. Win+Shift da kibiyar hagu ko dama yana ɗauke taga daga wannan sikirin zuwa wancan.

In gefen hoton ya yanke, maki ko agogon wasa ya shige cikin firam ɗin talabijin, daga talabijin ɗin ne. A LG ka nemi Just Scan, a Samsung Screen Fit. Yawancin talabijin masu inci 32 ainihin girmansu 1366x768 ne ko da suna karɓar 1080; ba su abin da ya dace da su, ka sauƙaƙa wa laftof.

Ga wani amfani da masu gidan gem suka fi kowa yabawa. In aka ɗauke wuta talabijin ta mutu, gem ɗin da ya riƙe sikirin sau da yawa mutuwa yake yi tare da ita, wasan da aka biya kuɗinsa ya tafi, rigima ta tashi. Wanda ke taga kuwa galibi Windows takan dawo da shi sikirin laftof, ka tsayar da wasa har a tayar da janareta.

Antibayros ya goge fayil ɗin da na sauke. In kashe shi?

A’a. Gaskiya ne antibayros yakan yi zargin irin su dgVoodoo2 bisa kuskure, saboda aikinsu ya yi kama da na ɓarayin manhaja: suna shiga tsakanin gem da Windows. Amma wannan uzurin na wanda aka sauke daga shafin mai shi ne kawai. In daga can ka samo, ka keɓe wannan foldar kaɗai a Exclusions. Wanda aka tura maka a guruf, ko aka kwafo maka a filashin da ya zaga ɗakunan hostal, bar antibayros ya yi aikinsa. Shafukan da ke raba fayilolin dll ɗaya-ɗaya ma ka guje su.

Kada kuma ka sa tafinta ko faci a gem ɗin da kake bugawa da mutane ta intanet in yana da mai gadin maguɗi, irin VAC na Steam. Yana iya ɗaukar baƙon dll a matsayin maguɗi ya rufe maka asusu. A nan ka tsaya a umarnin da gem ɗin ya zo da shi.

Gem ɗin ma bai buɗe ba, balle a yi maganar taga.

Karanta saƙon da ya fito. In ya ambaci d3dx9_43.dll ko mai kama da shi, girka DirectX End-User Runtimes na Yunin 2010 daga shafin Microsoft. Ba ya taɓa sabon DirectX ɗinka. In DirectPlay ya nema, shiga Turn Windows features on or off, ka buɗe Legacy Components ka sa masa alama. In faifan asali ne mai kariyar SafeDisc, Windows 10 ta daina karɓar direbansa tun fitowarta a 2015, sai dai ka nemi bugun da GOG ko Steam ke sayarwa. Ka kuma girka tsohon gem a folda irin C:\Games maimakon Program Files, inda Windows ke hana shi rubuta saitinsa.

Yanzu haka sikirin ya maƙale a baƙi, ina jin sauti amma ba na ganin komai.

Gwada Alt+Enter, sannan Alt+F4. In bai saki ba, Win+Ctrl+D zai buɗe maka sabon destof. A can ka danna Ctrl+Shift+Esc ka kashe gem ɗin. Win+Ctrl+Shift+B kuma yana farfaɗo da direban hoto. Danne maɓallin wuta shi ne na ƙarshe.

Na cakuɗa komai. Yaya zan mai da gem ɗin yadda yake?

Yawancin waɗannan gyare-gyaren a foldar gem suke zaune, ba su shiga cikin Windows ba. Goge fayilolin da ka zuba: ddraw.dll, D3DImm.dll, d3d8.dll ko d3d9.dll, fayilolin .asi, da na saitinsu. Cire umarnin da ka ƙara a Target, ka cire alamomin da ka sa a Compatibility. Zai fi maka sauƙi in tun farko ka kwafi foldar gem ɗin gefe kafin ka taɓa ta, ka kuma riƙa sa gyara ɗaya ka gwada kafin na gaba.

In bayan haka ya ƙi buɗewa, ya riƙe wani girman hoto ne da sikirinka ba ya karɓa. A San Andreas ka shiga Documents, foldar GTA San Andreas User Files, ka goge gta_sa.set; gem zai ƙirƙiri sabo da kansa. A Vice City sunansa gta_vc.set. Fayilolin da ke kusa da shi masu ƙarewa da .b, irin GTASAsf1.b, su ne ajiyar inda ka tsaya a wasan, kada ka taɓa su.